Yatsun Habibu Mai Gurmi

Litinin, 30 Disamba 2024

Yau wani mutum ya zo daga Magarya a kan moto. Mushe Kamalu, malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma wai sakataren wani kwamiti. Ya same ni ina zuba wa awaki harawa. Da gangan na miƙa masa hannu. Ya dafe ƙirji ya ce, “Sannu da aiki, Baba Ɗalha.” Hannuna ya tsaya a iska har na gaji na sauke.

Wai Lahadin ƙarshe ta watan gobe ce ranar masu cutar kuturta ta duniya. Za su yi biki a Magarya, da manyan baƙi da ’yan radiyo, suna son waƙar tunawa da yadda magani ya ci nasara. An gaya musu a Dantchiao akwai wani tsoho da ya warke, wanda da can makaɗin gurmi ne. Ni ke nan.

Na ce, “Mushe, da me zan kaɗa?” Na ɗaga masa hannuwan. A dama babban yatsa da rabin manuni. A hagu dungu. Ya koma kallon akuya. Ya ce ai murya kawai suke so, sun samo mai kaɗawa.

Shekara talatin da uku da warkewata. Takardar likita tana cikin akwati. Ruwan da na kawo masa a kwano bai taɓa ba, kaji ne suka sha bayan ya tafi. Nasara.

Talata, 31 Disamba

Robar da nake ɗaure bik ɗin rubutu da ita a hannu ta tsinke. Na yanko wata a tsohon tayan keke. Ba zan je ba.

Alhamis, 2 Janairu 2025

Balkisu ta zo. Ita kaɗai ce ’yata, tana sayar da shinkafa da wake a tashar Magarya, da shi take riƙe ’ya’ya uku tun rasuwar mijinta. Labarin ya riga ya kai mata. Ta share mini ɗaki, ta wanke mini riguna, ta shafa mini man kaɗe a tafin ƙafa kamar yadda ta saba. Sai da ta gama sannan ta ce, “Baba, don Allah kada ka je.”

Na ce ai dama ba ni da niyya. Sai na tambayi dalili, abin da bai kamata in tambaya ba.

Ta ce a tasha ba wanda ya san ko ’yar wace ce ita. Yanzu kowa da salula a hannu, za a ɗauki hotona, wani zai gane, gobe ba mai cin abincinta. Tana faɗa tana kuka, hannunta da sauran man ƙafata.

Ban yi mata faɗa ba. Gaskiya ta faɗa, shi ne abin da ya fi ƙona ni. Yarinyar da ba ta taɓa yin ko tabo ba.

Da ta shiga mota na aika wa Mushe Kamalu cewa zan zo. Ban san wa nake son ɓata wa rai ba.

Asabar, 4 Janairu

Gwaji na farko, a wani aji na lakwal ɗinsu. Mushe Kamalu ya ba ni takarda, wai shi ya rubuta waƙar. Baiti goma sha biyu. Takwas godiya ce ga manya, kowa da muƙaminsa. Uku sun ce an kori kuturta ta gudu ba za ta dawo ba. Ɗaya ya ce mu da muka warke muna ta murna. Ya ɗan yi mamaki da na karanta da kaina. Na ce na yi karatun yaƙi da jahilci tun yana rarrafe.

Mai kaɗin sunansa Habibu, mutumin Waca, zai yi shekara arba’in. Dogo, mai yawan dariya, ’yan biki sun san shi har cikin Najeriya. Ya ɗauki benci ya kai can bakin taga. Ya ce wai iska yake so. A cikin wannan sanyin.

An kawo shayi. Kowa da ƙaramin kofin gilas, ni an zuba mini a gwangwanin tumatur.

Sai ya fara kaɗawa. Allah ya isa, ya iya. Yatsunsa na gudu a kan tsirkiya kamar ba su taɓa ta. Akwai wani juyi da na yi shekara biyu ina nema ina saurayi, shi yana yin sa yana hira da Mushe. Na so in tsani kiɗan, ban iya ba, sai na tsani mutumin.

Muryata ta fito kamar ƙofar langa-langa. Amma ta fito.

Lahadi, 5 Janairu

In tarihi suke so, ga tarihi.

Inna Habsatou, mahaifiyata, tana yarinya cutar ta kama ta. Ta ce zamanin Nasara allurar wani mai ake yi musu, man wani icce na ƙasar Indiya, mai kauri. A soka a cikin tabon, nan da nan da nan, har fatar ta kumbura ta yi ƙuraje. Manyan maza suna gudu daji in sun ji an ce masu allura sun zo. Bayanta duk tabon allurar ne, na gani da idona ina yi mata wanka a shekarunta na ƙarshe.

Bayan haka aka kawo farar ƙwaya. Wani mutum ne yake kawo ta ƙauyenmu kusa da Dogo-Dogo, Hamma mai keke. Rairayi ba ya barin keke tafiya, rabin hanya turawa yake yi. Ya zauna gindin gawo da gwangwaninsa da babban littafinsa, ya kira suna, ya saka wa mutum ƙwayar a baki da hannunsa, ya tsaya sai an haɗiye. In ya gama ya ce, “Habsatou, ina furata?” Ya sha da ludayinta. Shekara goma sha wani abu yana wannan hanyar. Ba sunansa a takardar Mushe.

Ƙwayar nan ba ta da ranar gamawa, sha ake yi har mutuwa. Ina da shekara ashirin da shida maganin nan mai kala uku ya iso hannuna. Shekara biyu na sha, aka ce na warke. Na warke! A lokacin yatsu shida sun riga sun tafi, sauran suna hanya. Inna kuwa an binne ta kafin maganin ya zo, a gefen maƙabarta, can wajen ƙaya.

Wa zan gode wa? Hannuna ya gaji.

Laraba, 8 Janairu

Gwaji na biyu. Habibu ya kuskure sau uku a wuri ɗaya, inda ƙaramin yatsan hagu ke danne tsirkiya. Mushe bai ji ba, ba shi da kunne. Ni na ji. Habibu ya yarfe hannu ya ce sanyi ne.

Da aka zo shayi shi ya sauke buta daga kan gawayi, da hagu, ba tsumma. Marikin ƙarfe ne. Ya riƙe yana ba da labarin wani biki a Maigatari, yana dariya. Da ya ajiye na ga gefen ƙaramin yatsan ya yi fari, ya tashi. Bai sani ba. Sai can ya gani ya ce, “Yaushe kuma na ƙone?”

Na san wannan tambayar. Na yi ta.

Alhamis, 9 Janairu

Ban gaya masa ba. Ina ruwana.

Asabar, 11 Janairu

Da azahar ya naɗe hannun riga zai yi alwala. Na tsaya ta bayansa kamar ina jiran buta. A bayan damtsen hagu, sama da gwiwar hannu, tabo kamar faɗin tafin yaro, ya fi sauran fatar haske, ba gashi a kai. Shi ba zai iya ganinsa ba sai da madubi.

Ya gama ya ajiye butar a ƙasa, ya tura mini da ƙafa.

Bayan salla Mushe ya ce in ɗan matso kusa da mai kaɗi don murya da gurmi su haɗu a mikiro ɗaya. Habibu ya ce, “A’a Mushe, a samo mikiro biyu. Ni da yatsuna nake ci.” Suka yi dariya, har da mai gadi.

Na yi dariya ni ma. A raina na ce, ci da su da kyau, ɗana. Shekara biyu, ko uku. Zan ga wanda zai tura maka buta.

Na rubuta don haka na ji. Ba na neman gafarar kowa.

Litinin, 13 Janairu

Ban je gona kwasar kara ba. Na zauna a rana.

Akwai abin da ban taɓa rubutawa a kayen nan, littafin da nake rubutu, ba, ban kuma taɓa gaya wa Balkisu ba. Kullum ina cewa magani ne ya makara. Haka nake gaya wa kowa.

Ina da shekara goma sha bakwai tabon ya fito mini a baya. Inna ce ta gani, ina wanka a bayan ɗaki. Wa ya fi ta sanin abin? Ta ce maƙero ne, ta shafa mini toka. Lokacin na fara suna, ana kirana kiɗa har Dungas, ’yan mata na jefa mini kallabi. Ta san ranar da Hamma ya rubuta sunana a littafinsa, ba mai sake kirana biki. Sai ta ɗinka mini riga mai dogon hannu. Shekara uku Hamma yana zuwa gindin gawo, ni ina riƙe masa keke, gwangwanin ƙwayar yana gabana.

Hamma ne ya gane da kansa, ranar da ya ga na taka ƙaya ban ɗingisa ba. Ya duba ni, ya juya ya kalli Inna. Ranar bai sha fura ba. Jijiyoyin sun riga sun mutu.

So ne ya sa ta yi shiru. Ni kuwa ƙiyayya. Yatsun ba su san bambanci ba.

Laraba, 15 Janairu

Na gaya masa. Na jira Mushe ya tafi buro, ofishinsa, na bi shi bayan aji inda ya ajiye moto. Na ce, “Habibu, tsaya. Tun yaushe ƙaramin yatsanka ke barci?”

Ya ce me.

Na ce, “Da na kusa da shi. Da safe kamar tururuwa na bi. Akwai tabo a bayan damtsenka. Ka je likita gobe, kada ka kai jibi. Yanzu abin wata shida ne ko shekara, kuma kyauta ake bayarwa.”

Fuskarsa ta canza. Ya ja da baya har ya bugi moton. Abin da ya faɗa ba zan rubuta duka ba. Ya ce baƙin ciki nake yi da shi tun ranar farko, ya gani a idona. Ya ce a zuriyarsu ba a taɓa yi ba. Ya ce in ma akwai wani abu, to ni na shafa masa, sati biyu yana shaƙar numfashina. Ya kira ni da sunan, da ƙarfi, har ’yan aji suka leƙo.

Na ce, “Ni ba ni da abin da zan shafa wa kowa tun kana tsallen rairayi. Naka ya yi shekaru a jikinka.”

Ya tofar da yawu ya tayar da moto.

Maganar baƙin cikin dai bai yi ƙarya ba.

Asabar, 18 Janairu

Bai zo ba. Mushe Kamalu ya tare ni a ƙofa, wai me na yi wa Habibu, ya ce ba zai ƙara zama ɗaki ɗaya da ni ba, na yi masa mugun baki. Saura kwana takwas. Wai ku mutanen nan ba a iya muku, an ɗauko ku ana son a ɗaukaka ku.

Ku mutanen nan.

Na ce ya tambayi Habibu. Ba ni zan tona shi ba. Ya ce to za su sa kiɗan piyano na cikin salula, in bi. Na gwada. Kamar mutum na waƙa a bayan injin niƙa.

Talata, 21 Janairu

Na je Waca. Ban san abin da ya kai ni ba, na dai tashi na ga ina sa takalmi. A taksi mutum huɗu ne a kujerar baya, da na shiga sai aka samu fili har na iya miƙe ƙafa. Wata mata ta rufe hancin ɗanta da mayafi. Ko amfanin abin ke nan.

Na same shi a zaure, gurmin na rataye, ya ɗaure yatsan da tsumma. Ƙunar ta zama gyambo. Bai ce in shigo ba, bai ce in tafi ba. Matarsa Zouera ta kawo tabarma, ta gaishe ni da ladabi, ta tsaya daga ciki tana ji.

Na ciro auduga daga aljihu. Na ce, “Ba zan taɓa ka ba. Kira matarka.” Na gaya mata yadda ake yi, yadda Hamma ya yi mini. Ya rufe ido, ta shafa audugar a kafaɗarsa, ya nuna wurin. A wuya, ya nuna. A damtsen dama, ya nuna. Ta ɗora a kan tabon. Ta shafa, ta sake shafawa. Yana zaune ido rufe ya ce, “To ki taɓa mana.”

Zouera ta saki audugar.

Habibu ya buɗe ido. Sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, “Baba, in aka ji, wa zai kira ni suna ko aure?”

Na ajiye hannuwana a kan tabarma a gabansa. Na ce, “Wannan tambayar ce ta yi mini haka. Kalle su. Kalla da kyau, ka daina kawar da kai.”

Ya kalla. Na ce ba dole sai Waca ko Magarya ba, a Dungas akwai wata majo, babbar mai jinya a asibiti, Mas’uda, ita ke duba mini ƙafa, bakinta a rufe yake. Ya ce zai yi tunani. Tunani! Na tashi na fito, ko sallama ban yi ba. Zouera ta biyo ni da gyaɗa a leda.

Asabar, 25 Janairu

Gobe. Kwana uku ina haɗa nawa baitocin a ka, ban rubuta ba don kada Mushe ya gani. Balkisu ba ta kira ba.

Lahadi, 26 Janairu

An yi.

Rumfa biyu da kujeru na manyan baƙi. Mu kuwa tabarmi a rana, mu wajen talatin, an kwaso mu daga ƙauyuka, an sa mana farar riga mai rubutu iri ɗaya. Wata tsohuwa daga Dogo-Dogo, ba ta gani, tana ta tambaya ko an fara rabon sabulu. Jawabi biyar, huɗu da Faransanci. Masu hoto suna zuwa su durƙusa saitin hannuwanmu, ba saitin fuska ba.

Da aka kira ni na tashi. Mai salula yana neman kiɗan piyanonsa, sai na ji gurmi a bayana. Habibu. Ban ga zuwansa ba. Ya zauna a bakin dakali, ba kusa ba, ba nesa ba. Da yatsu uku yake danna tsirkiya.

Na yi baitin farko na takardar Mushe, don kada a ce ban yi ba. Daga nan na naɗe ta na sa aljihu. Na yi Inna da allurar mai. Na yi Hamma:

Hamma mai keke, rairayi ya sha ƙafarka,
Ba ka da rumfa, ba ka da kujera,
Kai ka san sunanmu ɗaya bayan ɗaya.

Tsofaffin kan tabarma suka fara amsawa. Ashe akwai waɗanda suka san shi. Makauniyar nan ta ɗaga dungunta tana cewa, “Shi ne, shi ne.” Mushe Kamalu yana ta yi mini alama da hannu daga gefe, yana nuna agogo. Na juya masa baya.

Na ce kuturta ba ta gudu ba, tana nan, tana cikin riga mai dogon hannu. Na ce:

Tabon da bai jin auduga, kai shi likita,
Yatsan da ya yi barci, kada ka jira ya farka,
Ni na jira, ga abin da na samu.

Na ɗaga hannuwan sama. Tun da hoto suke so.

A nan gurmin ya yi shiru kamar numfashi biyu. Na ɗauka ya tashi ya tafi. Sai ya dawo, ya fi da ƙarfi.

Baitin ƙarshe na manyan rumfa ne. Na tambaye su, in mun warke, me ya sa gwangwani? Ba na jin sun gane, sun tafa dai. Mushe bai yi mini sallama ba. Wani ɗan radiyo ya tambayi sunana har sau biyu.

Ina neman takalmina Habibu ya wuce ta gefena, yana saka gurmi a buhu. Ya ce, “Laraba. Amma ba daga tasha ba, ka jira ni a bayan gari.”

Balkisu ba ta zo ba.

Laraba, 29 Janairu

Dungas. A kan motonsa muka je, ni a baya. Dole na riƙe shi, hanyar duk rami. Bai janye jikinsa ba.

Majo Mas’uda ta shigar da mu ɗakin ciki ta rufe ƙofa. Ta yi gwajin audugarta, ta matsa jijiyar gwiwar hannunsa har ya zabura, ta sa ya cire riga ta samo wasu tabo a baya da bai san da su ba. Ta ce shekara guda zai sha. Ta ɓare ƙwayoyin farko ta ba shi ya haɗiye a gabanta, ta ba shi fakitin wata ɗaya, da wani maganin daban na jijiya. Ta ce daga ’yan kwanakin nan ba zai shafa wa kowa ba, ya ci da iyalinsa, amma ya kawo Zouera da yaran a duba su.

Ya tambaye ta yatsun. Ta ce ƙaramin ba ta yi alkawari ba, wataƙila ya dawo, wataƙila a’a. Sauran, in ya kiyaye wuta da ƙaya, ya sha magani ba fashi, za a binne shi da su.

Ya fashe da kuka kamar yaro. Ni na fita waje.

Fakiti ɗan ƙarami, bai kai tafin hannu ba. Abin da ke tsakanina da shi ke nan. Na tsaya a gindin iccen bedi, wato dogon yaro, ina jin wani irin haushi da ban san inda zan kai shi ba. Da akwai wanda zan mara, da na mare shi da dungun nan.

Lahadi, 2 Fabrairu

Radiyo ta sa waƙar sau uku. Sun yanke baitin gwangwani.

Talata, 4 Fabrairu

Balkisu ta zo da rana tsaka, ba ranar zuwanta ba. Abin da ta ji tsoro ya faru. Wani kamasho ya nuna mata hoton a salula a gaban mutane, ya ce, “Wannan ba tsohon da ke zuwa wurinki ta bayan rumfa ba ne?” Ta ce ta ji kamar ta ce ba ta san ni ba. Sai ta ce, “Babana ne. Miya ko mai da yaji?”

Direbobi da yawa sun koma wurin wata. Tukunyar da ke ƙarewa kafin azahar yanzu tana kai la’asar, jiya har ta kawo saura gida.

Ta faɗa mini wannan duka tana tsaye, ba ta zauna ba. Ta ce, “Ka ji daɗi yanzu, Baba?”

Ban ji ba. Mushe Kamalu ya samu bikinsa, Habibu ya samu yatsunsa, ita ce ta biya. A wace waƙa za a sa wannan?

Kafin ta tafi ta duba mini ƙafa duk da haka.

Juma’a, 7 Fabrairu

Habibu ya kira a ruɗe, wai fatarsa ta fara duhu, ko maganin ya ƙi shi ne. Na ce haka yake yi, zai washe in ka gama, ni sai da na koma kamar gindin tukunya. Ya yi dariya. Kullum sai ya kira da wata tambaya. Na zama majo ba albashi.

An duba Zouera da yaran, ba kome.

Alhamis, 27 Fabrairu

Jiya ya karɓi fakiti na biyu. Majo Mas’uda ta ce tun bayan radiyo mutum huɗu sun zo da kansu suna cewa a gwada musu auduga. Uku maƙero ne. Ɗaya kuturtar ce, wata amarya daga wajen Dogo-Dogo, tabo ɗaya tak, wata shida za ta sha. Majo ta ce ko za mu je kasuwar can mu yi waƙar kafin azumi ya kama. Na ce ni ba ma’aikacin kowa ba ne. Habibu ya ce zai zo ɗaukata da hantsi.

Tukunyar Balkisu har yanzu tana kai la’asar. Mushe Kamalu ya aiko wai yana son kalmomin waƙar don rahoto. Bari ya yi ta jira.

Yau ina ba awaki ruwa wani baiti ya zo mini, na maganin nan mai kala uku. Ba yabo ba ne. Na dai faɗi kalarsu da yadda ake sha, don mutanen kasuwa su sani. Sai dai akwai layi ɗaya a ƙarshe da ya ce Allah ya ji ƙan wanda ya haɗa shi, ko wane ne, ko a wace ƙasa yake. Ban san yadda ya shigo ba. Na so in cire, amma in na cire kiɗan ba ya sauka daidai.

Zan bar shi zuwa gobe in ga.